Yadda Lonnie Ya Kai Sunan Yayansa Kotun Tarayya

Duk layinmu babu wanda bai san Lonnie Gaither ba, domin ko ba ka neme shi ba muryarsa za ta same ka. Lauya ne, wannan kam ba ƙarya, ga takardar shedarsa can rataye a ofishinsa da ke saman shagon tayoyin Dattijo Ambrose. Sai dai aikinsa bai wuce rubuta wa tsofaffi wasiyya da roƙar wa direbobi sassauci a ƙaramar kotun gari ba. Amma in ya baje yana ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa alƙalan Kansas City riƙe guduma. Ni Verna, mai shagon wanki da guga, na fi kowa saninsa, don ni ke wanke kwat ɗinsa guda biyu, kuma abin da na fi tsinta a aljihunsa shi ne ƙashin haƙarƙari naɗe a takarda.

Haƙarƙarin daga shagon Odessa yake fitowa, matar yayansa marigayi Hollis. Shagon gashin nama ne da ke jikin nawa, kuma a samansa akwai jan allo da Hollis ya zana da hannunsa tun suna amarya da ango, an rubuta Big Hollis. Tun da ya rasu Odessa ba ta yarda an taɓa ko harafi ɗaya ba. Da safe in ta zo buɗe ƙofa takan ɗaga kai ta ce masa ina kwana, mu kuma mu yi kamar ba mu ji ba.

Ana nan sai wani katafaren kamfanin abinci daga Texas ya kai ta ƙara kotun tarayya. Wai sun yi wa sunan rajista, don haka alƙali ya sa ta sauke allon tun yanzu, kafin ma a shiga shari'ar. Odessa ta shigo shagona da takardun ƙarar a hannu. Na ce mu je cikin gari mu nemi lauyan da ya saba da wannan kotun. Ban rufe baki ba sai ga Lonnie ya shigo karɓar kwat.

"Haba matar yaya," in ji shi, yana fizge takardun. "Ina raye za ki kai sunan Hollis wajen bare? Ai waɗannan mutanen sun taro abin da ya fi ƙarfinsu."

"Lonnie, ka taɓa yin shari'a a kotun tarayya?" na tambaye shi.

"Verna, kotu ai kotu ce. Ina saurayi na shiga gaban Mai shari'a Pettibone. Na san halin alƙalan can kamar yunwar cikina. Rubutu mai yawa suke so, da bango mai kyau, da lauya mai kiran waya yana gaisuwa."

Dattijo Ambrose, da ke zaune bakin ƙofa, ya leƙo. "Jakar maigidanka ka riƙe masa ranar. Kuma Pettibone ya daɗe a kabari."

"Ko jaka ce ai a ciki na riƙe ta, ba a waje ba."

Odessa ta daɗe tana kallonsa. Idanunsa irin na Hollis ne, wannan shi ne ya cuce ta. Ta ce to.

Shari'ar ta faɗa hannun wata Mai shari'a Lindqvist. A wannan kotun kuwa, bayan dokar ƙasa da ta kotun kanta, kowane alƙali yana da nasa ƙa'idojin, a rubuce, an sa a shafin kotu kowa ya gani. Wani yana son kaza, na ɗakin da ke kusa da shi ya tsani kazan nan. Ni da nake guga ma na san haka, don ina wanke wa lauyoyi kaya, kuma lauya in yana jiran rigarsa ba ya rasa alƙalin da zai yi ƙorafi a kansa. Na ce wa Lonnie ya duba na matar nan. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce an rubuta su ne domin yara masu koyo.

Ya kulle kansa a ofis, ya fito da martani shafi casa'in. Ya fara daga haihuwar Hollis, ya bi ta tarihin gashin nama, ya sa waƙar da aka rera ranar jana'iza. Ya kai aka yi masa bangon fata da rubutun zinariya, kwafi shida. Ranar kaiwa ya loda su a amalanken kanti, ya tura ta tsakiyar layi yana ɗaga wa mutane hannu. Ni aka sa na kai shi a motata, don tasa ba ta yin ribas.

Magatakardar kotu ta dubi tulin, ta dube shi. Ta ce lauyoyi ta kwamfuta suke shigar da takarda. Sannan ta duba ta ce sunansa ma ba ya cikin lauyoyin da aka rantsar a wannan kotun.

"Ni? 'Yan mata, sake dubawa. Gaither."

"Na duba, Malam Gaither. Sai an rantsar da kai tukuna."

Muka sake loda kayan a mota. Kafin mu iso gida ya riga ya gyara labarin.

"Sun tsorata," ya gaya wa mutanen layi. "Da suka ga nauyin hujja sai suka ce lallai a rantsar da ni na musamman."

"Nauyi kam akwai," in ji Ambrose. "Tayar Verna ta baya ta sheda."

Aka rantsar da shi, ya yi hoto, ya aika shafi casa'in ɗin ta kwamfuta. Washegari amsa ta zo, layi ɗaya tak: an soke, ƙa'idar Mai shari'a shafi goma sha biyar ne, a gyara a sake kawowa.

Mai hankali sai ya rage surutu. Lonnie sai ya rage girman haruffa. Ya matse casa'in ɗin nan cikin sha biyar, ya kawo mana mu gani yana taƙama. Ambrose ya sa tabarau, ya ɗora na matarsa a kai, ya ce shi dai tururuwa yake gani sun yi layi.

"Dabara kenan, Dattijo. Ta ce sha biyar, ga sha biyar."

Aka soke. Akwai girman harafin da Mai shari'a ta ƙayyade. Sai ya rubuta layi uku-uku a saman kowane shafi da manyan haruffa, ya zuba sauran a ƙasan shafi a matsayin ƙarin bayani, nan ma da 'yan tururuwansa. Aka soke. Mai shari'a ba ta karanta hujjar da aka cusa a ƙasan shafi, kuma wannan karon ta ƙara layi na biyu, cewa lauya ya karanta ƙa'idojinta.

Odessa ta tare shi a bakin murhu, da cokalin juya nama a hannu. "Lonnie, me ya sa kullum ake dawo maka da takarda?"

"Matar yaya, alƙalin da bai damu da kai ba ai ba ya rubuto maka. Sau uku ta rubuto mini. Tambayi lauyan kamfani sau nawa aka rubuto masa."

"Ni dai kada a taɓa mini allo."

"In aka taɓa allon nan, ki canja mini suna."

Lokacin da aka ba shi ya kusa ƙarewa, sai ya ce zai nemi ƙari. Ya ɗauki waya a shagona, gaban mutane, ya kira ofishin alƙali, ya ce a haɗa shi da Mai shari'a su gaisa a matsayin abokan aiki. Muna jin muryar da ta amsa tana cewa ba a kiran ofishin Mai shari'a, komai a rubuce ake yi, kuma kafin a nemi wani abu wajenta sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun zauna ido da ido sun tattauna. Aka kashe waya. Lonnie ya ci gaba da magana shi kaɗai, yana cewa a gaida mai gida da yara, har sai da wayar ta fara ƙara a kunnensa.

Zaman ido da idon a shagon Odessa aka yi shi, domin Lonnie ya ce a filinsa zai karya abokin gaba. Lauyan kamfanin, wani siriri mai suna Whitlock, ya zo da fara'arsa, ya gaida Odessa da ladabi, ya ci haƙarƙari har da lasar yatsa. Lonnie ya kore mu duka zuwa bayan kanta, ya ce maganar manya ce. Daga can muna hango Whitlock yana magana a hankali yana nuna allo, Lonnie yana girgiza kai yana bugun tebur. A bugu na uku kwanon miyar gasasshen nama ya yi tsalle ya kife masa a ƙirji. Whitlock ya miƙa masa tsumma, ya tattara jakarsa ya tafi.

"Me ya ce?" in ji Odessa.

"Roƙo ya zo yi. Na kore shi."

"Roƙon me?"

"Bar wannan a hannun masana, matar yaya."

Ni dai na karɓi kwat na jiƙa, raina a ɓace, don miyar Odessa ba ta fita daga farin yadi. Ƙarin lokacin ma bai sake nema ba. Ya ce ya gaji da takarda, da baki zai gama da su ranar zama, yadda ake yi zamanin Pettibone.

Ranar zaman ya gayyaci kowa. Aka ɗauki motar coci, muka cika ta, mata da huluna, maza da takalman Lahadi. Odessa ta sa baƙar rigar da ta sa ranar jana'izar Hollis. Lonnie ya shigo ƙarshe, rungume da babban faranti lulluɓe, ƙamshi ya cika mota.

"Wannan fa?" in ji Ambrose.

"Hujja. Da ta ɗanɗana ta san wane ne Big Hollis na gaskiya."

"Kai Lonnie, alƙali za ka kai wa nama? Ai ko a ƙauye sunansa toshiya."

"Shi ya sa kake faci ni nake lauya."

A ƙofar kotu masu tsaro suka sa kowa ya cire ɗamara da agogo. Karen da ke sansana kaya, wanda aka horar ya yi biris da komai, ya zo gaban Lonnie ya zauna ya ƙi gaba. Aka ja Lonnie gefe, aka buɗe faranti, aka lalube shi har safa. Ya ce shi lauya ne, wannan kuma hujja ce. Aka tambaye shi ko ya sanar da hujjar tun da wuri kamar yadda Mai shari'a ke buƙata. Ya ce nama ai ba a sanar da shi, ƙamshinsa ke sanarwa. Aka ajiye farantin a bakin ƙofa. Cikin hargitsin ya mance ɗamararsa a kwandon bincike, haka ya shiga ɗakin shari'a hannu ɗaya riƙe da wando.

Mai shari'a Lindqvist 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai furfura, muryarta ba ta tashi. Lonnie bai jira an kira shi ba, ya miƙe ya bar wajen tsayuwar lauyoyi ya nufi gabanta yana buɗe hannu ɗaya.

"Ranki ya daɗe, tun ranar da aka kafa ƙasar nan…"

"Malam Gaither, koma bayan teburin magana. A ɗakina daga nan ake magana."

Ya koma. "Tun ranar da aka kafa…"

"Dakata. Ina da buƙatar kamfani a gabana. Daga ɓangarenka ba ni da komai."

"Ranki ya daɗe, shafi casa'in na rubuta."

"Na ga sun wuce sau uku. Ka karanta ƙa'idojina?"

"Na san su a zuciya."

"Madalla. Faɗi ta farko."

 Lonnie ya dubi rufi, ya gyara wando, ya ce ta farko ita ce girmama kotu. Ambrose ya yi tari irin na mugunta.

Ta sa aka miƙa masa takardar, shafi huɗu kacal, ta ce ya karanta da ƙarfi, tunda ya kawo jama'a su ma su amfana. Ya fara. Kada takarda ta wuce shafi goma sha biyar. Wata daga bayanmu ta ce, "Uhm." Ga girman harafi. "Uhm." Ba a sa hujja a ƙasan shafi. Ba a kiran ofis. Duk wadda ya karanto sai layinmu ya amsa a hankali kamar ana wa'azi, har mai tsaron ɗaki ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ya zo kan wadda ta ce wanda bai kawo martani a rubuce ba ba shi da bakin magana ranar zama, muryarsa ta koma kamar ta ɗan akuya. Dariya ta kama ni, amma da na dubi Odessa sai ta koma ciki. Ba ta motsa ba, jakarta kawai ta matse a cinya.

Mai shari'a ta juya ga Whitlock, ta tambaya ko sun yi zaman da ta ce.

"Mun yi, ranki ya daɗe. Na kawo tayin sulhu. Uwargida ta riƙe sunan da allonta a garin nan har abada, sharaɗin kawai kada ta sayar da miyar kwalba da sunan a wajen jiha. Malam Gaither ya ƙi."

Odessa ba ta taɓa sa miya a kwalba ba tun da aka haife ta. Duk layinmu ya san haka, Lonnie ma ya sani.

"Malam Gaither, ka gaya wa wadda kake wakilta wannan tayin?"

"Ranki ya daɗe, wato, a dabarar shari'a, in abokin gaba ya fara roƙo…"

Odessa ta miƙe. "Ranki ya daɗe, ina da magana."

"Uwargida, kina da lauya. Shi ke magana a madadinki."

"To na sallame shi."

Mai shari'a ta cire tabarau. "Yanzu?"

"Yanzun nan. Ko shi ma sai na rubuto?"

"Wannan na karɓa da baki. Malam Gaither, zauna. A can baya."

Ya taho wajenmu, babu wanda ya matsa masa. Sai a ƙarshen benci ya samu ya ɗosana.

Odessa ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce mijinta ne ya zana allon, sunansa ne tun yana yaro saboda girman jikinsa, kuma ita ba ta san da wani tayi ba sai yanzu. Ta ce in tayin yana nan ta karɓa. Whitlock ya sunkuyar da kai, ya ce kamfani ya janye shi, domin bayan zaman da suka yi a shagon Malam Gaither ya aika wa shugaban kamfanin saƙo yana kiransa ɓarawon sunan matattu. Ya ce zai koma ya roƙa, amma ba zai yi alkawari ba.

Mai shari'a ta jujjuya alƙalami a hannunta. Ta ce ba za ta yanke wa mace hukuncin dindindin saboda aikin lauyanta ba, ta ba ta wata guda ta samo wani lauyan. Amma buƙatar da ke gabanta babu wanda ya ƙalubalance ta, don haka daga yau a rufe sunan har a dawo. Batun Malam Gaither kuma, ta ce, za ta sa masa rana tasa daban.

Muka kama hanyar gida. Farantin ma da muka fito mun tarar da shi, sai dai masu tsaro sun ce doka ta hana a bar abinci a ƙofa, don haka babu komai a ciki. Mun kusa layi Lonnie ya gyara murya.

"In kun lura dai, wata guda na samo mata. Ba kowane lauya…"

"Lonnie," in ji Ambrose, "direba zai iya tsayawa a nan ya sauke ka."

Lonnie ya maida fuskarsa wajen taga.

Da yamma Ambrose ya kawo shuɗin tamfol da igiya da dogon tsani. Samari suka ce za su hau, Odessa ta ce a'a. Lonnie ya matso, ya ce shi fa ya taɓa aikin rufin kwano, minti biyu ya gama. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta cire takalmin coci, ta saɓa tamfol a kafaɗa, mace mai shekara saba'in, ta sa ƙafa a matakin farko.

"Riƙe mini tsanin," ta ce masa. "Shi kaɗai na roƙe ka. Kada ka yi magana, kada ka yi dabara, riƙe kawai."

Ya kama da hannu biyu. Ta hau a hankali. Da ta kai sama ta shafa allon da tafin hannunta, muka ji tana cewa, "Yi haƙuri, Hollis. Ɗan kwanta kaɗan. Ni na ba ƙaninka amana, ba kai ba." Sannan ta ja tamfol ta fara rufewa daga harafin ƙarshe. Na tsani Lonnie a lokacin har cikin raina, na kuma tausaya masa, domin hawaye ne ke zuba a kan kwat ɗin da na goge da safe.

Ya saki hannu ɗaya zai share fuska, tsanin ya ɗan motsa. Ban san lokacin da na kama ƙafar tsanin ba. Ambrose ya kama ɗaya ɓangaren, matarsa ta kama, direban motar coci ya kama, har ba sauran wajen sa hannu. Lonnie ya dube mu, ya buɗe baki zai ce ai ya riƙe.

"Mun sani," in ji Ambrose. "Shi ya sa."